Amarya Ba Ta Cin Kek Ɗinta

Lukang, 20 ga Satumba, 2019

A-Kun ɗana,

Ina gaishe ka da kyau. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kuma tarin da ka ambata ya sake ka. Ni dai da sauƙi. Gwiwa tana nan tana yi mini tsiyarta, kunnen hagu kuwa ya yi ritaya gaba ɗaya, saboda haka kada ka sake ce mini in riƙa ɗaukar waya. Kana magana daga Vietnam ina jin ka kamar sauro a kwalba. Ka rubuto, idona bai mutu ba tukuna.

Bikin cikar wata da muke yi kowace shekara ya wuce, mun sayar da kek har kafaɗata ta daina ɗaguwa. Amma ƙanwarka Wanru ba ta zo ba. Tun rasuwar mahaifiyarku, shekara goma sha ɗaya ke nan, ba ta taɓa fashi ba sai bana. Kati kawai ta aiko, wai aiki ya yi yawa a kantin magani. Taichung da nan ko awa ɗaya ba a yi a mota. Ka tambayar mini ita ko wani laifi na yi mata. Ni da mahaifiyarku 'ya'yan wa da ƙani ne kawai, amma tabarma ɗaya muka tashi a kai, kuma ba ni da wasu 'ya'ya bayan ku biyu.

Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai. Ƙarshen watan jiya wata yarinya ta shigo shago, siririya mai tabarau, ga ladabi. Ta ce kek ɗin amarya take so, akwati sittin. Ka san 'yan matan yanzu, biskit ɗin Turawa suke nema a gwangwani mai hoto. Ita kuwa ta ce babban kek irin na da take so, mai cikon abarba da kabewa, kuma a buga shi da tsohon mazubin katako na kakanmu, wanda ya tsage a gefe. Na ce ina ta san mazubin nan, shekara nawa rabon da in fito da shi? Ta ce labarinsa aka ba ta. Daɗi ya kama ni. Na zuba mata shayi, na yanko mata kek, na ce, “Ci yanzu, 'yata. In na yi naki ba za ki taɓa shi ba. Amarya ba ta cin kek ɗinta, in ta ci ta cinye sa'arta.”

Na ɗauko jar takardar da muke sawa a akwati, na ce, “Sunan ango fa?”

Ta ajiye kofi ta ce, “Inna, babu ango. Mu biyun duk mata ne.”

Na ɗauka kunnen ne, na juya mata na dama. Ta maimaita.

Na ce, “Ki yi haƙuri. Na san gwamnati ta yarje muku yin aure tun watan Mayu. Amma ni shekara arba'in ina zuwa coci, abin da na karanta shi ne namiji da mace. Hannuna ba zai buga harafin farin ciki, tambarin kek ɗin aure, a kan wannan ba. Shagunan kek sun fi goma a layin nan.”

Ta ce, “Na nan ake so, Inna.”

Na mayar da jar takardar wurinta. Ta miƙe, ta rusuna, ta yi godiyar shayi, ta fita. Ko sunanta ban tambaya ba, balle na ɗayar.

Matar Dattijo Pan na cocinmu tana shagon lokacin, ka kuwa san bakinta. Ranar Lahadi fasto ya sa na miƙe tsaye a gaban jama'a aka tafa mini. Ana tafi, ni kuwa rabin kek ɗin da yarinyar ta bari a faranti nake gani. Kada ka ɗauka nadama na yi, ban yi ba. Tafin ne dai bai yi mini daɗi ba.

Ka riƙa shan ruwan zafi, ka daina kwana a gaban fanka.

Innarka,
Yuexia


Binh Duong, 3 ga Oktoba

Inna,

Gaisuwa ta girmamawa. Takardarki ta iso jiya, na ji daɗin jin kina lafiya. Gwiwar nan ki kai ta asibiti mana, ba addu'a kaɗai take so ba. Tarina ya tafi. Ya so ya kwantar da ni, amma A-Hao, abokin aikin da muke zaune gida ɗaya da shi, ya tsaya a kaina kwana huɗu yana yi mini romon kaza da citta. Da babu shi ban san yadda zan yi a ƙasar nan ba. Masana'antar takalma tana nan yadda kika san ta, hayaniya daga safe har yamma.

Na yi magana da Wanru. Lafiyarta ƙalau. Ki ɗan ƙyale ta tukuna, kada ki matsa mata.

Labarin yarinyar nan mai tabarau na karanta shi ya fi sau uku. Ba zan yi miki gardamar Littafi Mai Tsarki ba, ke kika koya mini karanta shi. Ko da yake har gobe ina so ki nuna mini ayar da ta hana amarya cin kek ɗinta, don na duba ban gani ba.

Tambaya ɗaya nake da ita, kuma ina roƙon ki kada ki amsa da sauri. Baƙuwa ce ta zo, kika nuna mata shaguna goma. Da a ce wani ne daga gidanmu, wanda kika goya a bayanki, kika wanke wa kai, ya zo miki da irin wannan magana, shi ma layin za ki nuna masa?

Na nemi hutu a tsakiyar Disamba, an ba ni mako ɗaya. Akwai maganar aure da zan kawo miki, ba ta takarda ba ce, sai ina ganin fuskarki. Tun yanzu gabana yake faɗuwa, ba zan ɓoye miki ba.

Ɗanki,
Zhenkun


Lukang, 15 ga Oktoba

A-Kun,

Ina gaishe ka. Lafiyata lau, in ban da abinci da ya ƙi shiga tun ranar Asabar da takardarka ta zo.

Na karanta, na ninke, na sake buɗewa. Ranar na ƙona faranti guda na kek, abin da rabona da shi tun kana makarantar firamare. Ni ba yarinya ba ce, na gane. Shekararka talatin da shida. 'Yar likitan haƙori na haɗa ka da ita ka ce surutu gare ta, 'yar mai kantin shinkafa ka ce ba ta magana. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Ga kuma mai romon kaza da citta, wanda ba ka san yadda za ka yi ba da babu shi. Kwana huɗu a kanka. Ni da na goya ka ma kwana uku na taɓa yi, lokacin ƙyanda.

Ba zan tsine maka ba, hannu ba ya ruɓewa a yanke a yar. Amma ba zan kuma ce maka daidai ne ba don kawai kai ne. Abin da na faɗa wa 'yar mutane a gaban matar Dattijo Pan, da wane bakin zan janye shi? Ina durƙusawa in yi addu'a, sai in rasa abin da zan roƙa.

Yanzu na gane dalilin da Wanru take guduna. Ta san sirrinka, tana tsoron kada in karanta a fuskarta. Yarinyar nan ba ta taɓa iya ƙarya ba.

Ka amsa mini kai tsaye, ba da kewaye-kewayen nan naka ba. Kai ne ko ba kai ba ne?

Innarka


Lukang, 4 ga Nuwamba

A-Kun ɗana,

Gaisuwa. Kwana ashirin ke nan ba amsa. Kullum mai raba wasiƙu ya wuce sai na leƙa, har ya fara ɗaga mini hannu yana girgiza kai tun daga nesa. In fushi ka yi, ka rubuto ka zage ni, ya fi mini shirun nan. In kuma ciwon ne ya dawo, ka sa abokin naka ya rubuto layi biyu. Zan karanta, ba zan yaga ba.

Ranar Laraba na je na kai wa mahaifiyarku furanni, na zauna na daɗe a bakin kabarinta. A hanyar dawowa, a cikin bas, wani tunani ya zo mini wanda ya sauke mini kaya, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ka tuna ranar da ta riƙe hannuna a asibiti? Kana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, “Yuexia, Wanru ba za ta ga uwa ranar aurenta ba. Kek ɗinta ke za ki yi, da hannunki, da mazubin kakanmu. Kada a raba wa dangi na kanti su ce 'yata marainiya ce.” Na ce na ɗauka. A kanka kuwa ba ta ce komai ba, kuma ba mantuwa ta yi ba. Namiji ba shi da kek. Kek na gidan amarya ne, su ke zaɓen shago, su ke bi gida-gida su raba, duk wanda akwati ya shiga gidansa ya san 'yar wane ta yi aure. Ba a taɓa raba wa ɗa namiji kek a danginmu ba, ko wa ya aura.

To ka gani? Babu abin da za ka roƙe ni, babu abin da zan hana ka. Ba sai na buga harafi ba, ba sai na nuna maka layi ba. Abin da ke tsakaninka da Ubangiji kai da shi ne, zan ci gaba da yi maka addu'a har in mutu. Wurin biki ba zan je ba, ka sani. Amma in ka zo Disamba ka kawo shi shago ya sha shayi, ban da ranar Lahadi. Ina so in ga mai romon nan da idona.

Ranar na ci abinci har na ƙara. Na gode wa Ubangiji da ya sa kai ne, ba Wanru ba. Da ita ce, ban san inda zan sa kaina ba.

Ka amsa, don Allah.

Innarka


Binh Duong, 16 ga Nuwamba

Inna,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara. Lafiyata ƙalau, ba fushi na yi ba. An tura ni sabon reshe a Haiphong, aka ce mako ɗaya, ya zama wata guda. Jiya na dawo na tarar da takardunki biyu a kan tebur.

Ta farko ta ba ni dariya har na zauna a ƙasa. Inna, A-Hao yana da mata da 'ya'ya biyu a Pingtung, ga munshari kamar injin ɗinki. Ko kyauta aka ba ni shi ba na so. Ni rashin aurena rashin sa'a ne da mugun hali, ba wani abu ba. Laifina ne da na yi ta kewaye-kewaye, kamar yadda kika ce.

Ta biyu kuwa da na kai ƙarshenta, dariyar ta tafi. Na so in bari sai na zo, amma ba zan bar ki kina godiya a kan abin da ba haka yake ba.

Wanru ce, Inna.

Yarinyar nan mai tabarau sunanta Suyin, malamar lissafi ce. Shekararsu tara tare. Wa kike tsammani ya ba ta labarin mazubi mai tsaga? Ranar da ta shigo shagonki, Wanru tana zaune cikin mota a bakin layi. Sun shirya cewa in kin karɓa, Suyin za ta fito ta yafito ta, su shigo tare su faɗa miki. Wanru ta ce mini, “Yaya, na kasa shiga da kaina. In ta ƙi Suyin, baƙuwa ta ƙi. In ta ƙi ni a fuskata, ba ni da sauran uwa.” Suyin ta fito ba ta yafito ta ba. Haka suka juya suka koma Taichung.

Sun sa rana, 21 ga Disamba. Iyayen Suyin sun daɗe da sani, za su zo. Na ce wa Wanru ta yi odar kek a wani wuri, ta ce a'a. Ta ce ita ma tana ɗakin ranar da Mama ta yi maganar, a bayan labule take. In ba naki ba ne, ba za a raba komai ba. Ke kin fi ni sanin ma'anar wannan. Su Kawu da dangin ƙauye babu akwatin da zai shiga gidajensu, a wurinsu Wanru ba ta yi aure ba, kuma babu mai sake ambaton ta.

Ban rubuto don in yi miki wa'azi ba. Na san alkawari biyu ne a hannunki, kuma babu wanda kika ɗauka da wasa. Ni ma ban san abin da zan yi ba da ni ne ke. Abin da na sani shi ne ƙanwata ta rame, kuma ba ta ƙi ki ba, tsoron ki take ji.

Ko a'a ce, ki rubuto ki faɗa mini, in san abin da zan gaya mata.

Ɗanki,
Zhenkun


Binh Duong, 3 ga Disamba

Inna,

Gaisuwa. Ina fata lafiya kike. Yanzu ni ne nake leƙen mai wasiƙu, na ɗanɗana abin da na yi miki.

Na kira wayar shago sau biyar ba a ɗauka ba, na san dai halinki da waya. Na kira mai kantin shayi na kusa da ke, ya ce kina buɗewa kullum, amma kin daina fitowa hira, kuma Lahadi biyu bai ga kin wuce coci ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ban faɗa miki don in raba ki da cocinki ba.

Wanru ta san na gaya miki. Kullum sai ta tambaye ni, “Ta ce me?” in ce takarda tana hanya. Na gaji da wannan ƙaryar.

Jirgina zai sauka ranar 17 da safe. Kai tsaye shago zan zo. In ba kya son ganina, ki bar ƙofar baya a kulle, zan gane.

Zhenkun


Lukang, 17 ga Disamba

A-Kun,

Sannu da hanya. Wannan ban kai ta gidan waya ba, na bar maka ita a kan murfin tukunya don na san nan za ka fara buɗewa, mai kwaɗayi. Lafiyata lau. Akwai shinkafa da kifi a firji, ka ci kafin ka fara aiki.

Ban amsa maka ba ne don duk abin da na rubuta ƙarya yake zama kafin tawada ta bushe. Na je wurin fasto, ban ambaci suna ba, na tambaye shi hukuncin alkawarin da aka yi wa mamaci. Ya ce alkawarin da zai kai mutum ga saɓo ba ya ɗaure shi. Amsa ce mai kyau, na kuma yarda da ita. Na dawo gida na kalli hoton mahaifiyarku, amsar ba ta yi mini aikin komai ba. Na je Taichung sau ɗaya, na tsaya a tsallaken titi ina kallon Wanru ta gilashin kantin magani. Gaskiya ka faɗa, ta rame. Na kasa tsallakawa. Ashe tsoron nan a jininmu yake.

Ga abin da na iya. Na rufe shago kwana biyar. Abarba talatin na fere da hannuna, da kabewa, na yi kwana biyu ina juya ciko a kan wuta, yana cikin manyan tukwanen nan uku. Ciko babu rubutu a jikinsa. Na auna gari da mai, suna cikin robobi, na rubuta maka yadda za ka kwaɓa. Mazubin kakanmu yana kan tebur, na wanke shi na shafa masa mai. Kai za ka buga. Tun kana ɗan shekara goma sha biyu na koya maka, kada ka ce ka manta. Ka barbaɗa gari kafin kowane bugu, kuma kada ka danna da ƙarfi ta wajen tsagar. Jajayen takardu na bar su babu rubutu, ku sa sunayen da kanku. Sunayen dangi sittin da adireshinsu suna cikin aljihun tebur, ka fara da gidan Kawu, in ba haka ba zai yi fushi.

Ni ban buga ba, kuma ba zan je wurin bikin ba. Ra'ayina yana nan inda yake. Na tafi Puli wurin wata tsohuwar ƙawata, sai ranar 22 zan dawo. Kada ku biyo ni.

Ban san ko na cika wa mahaifiyarku ba, ban san ko na saɓa wa Ubangiji ba. Ina jin rabi-rabi na yi wa kowannensu, kuma tsoro nake ji, A-Kun. Kada ka ɗauka wayona zai ɓoye ni. Tsagar mazubin nan tana fitowa a jikin kowane kek, kuma babu tsohuwar da ba ta san ta ba a garin nan. Duk wanda ya buɗe akwati ya san daga ina ya fito. Matar Dattijo Pan ta riga ta tsaya tana karanta takardar da na liƙa a ƙofa, ta ce, “Sha'anin gida kuma? Wane sha'ani?” Na juya mata kunnen hagu. Amma Lahadi tana zuwa, kuma zan je, in zauna a kujerata, a gaban mutanen da suka tafa mini.

Ka ce wa Wanru ta zo bikin sabuwar shekara, ɗakinta yana nan. Ban yi alkawarin zan iya magana ba, amma zan dafa abinci.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka tambaye ni aya. Ka sa ido a kan ƙanwarka, na san ta da son ciko tun tana rarrafe. Ko gutsure kada ta kai bakinta. Ita ma mai tabarau ɗin ka faɗa mata, kada ta taɓa.

Innarku,
Yuexia